Lilon Ƙarfe a Tashar Kasuwa

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin na ranar Juma'a, Tattali ta fara kashe layukan wuta. Ta soma da layin 'yan yadi, ta bi da na maƙera, sannan na masu gyaran mutum-mutumi, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa ba ɓata lokaci. Ba wanda ya ba ta umarni. Ta dai ga 'yan kasuwar Dutsen Rana sun sauke ƙofofin shagunansu sun nufi masallaci, wutar da ake ja ta faɗi warwas cikin minti goma, ita kuwa a kan abu guda aka gina ta: kada ɗigon wuta ya tafi a banza. Wayar da babu kowa a bakinta tana yoyon 'yar wuta a cikin ƙasa, saboda haka sai a kashe ta har masu ita su dawo daga salla.

Tattali na'ura ce mai ƙwaƙwalwa, ita ke riƙe da wutar birnin gaba ɗaya, tun daga gonakin hasken rana da suka shimfiɗu a arewa iya ganinka, har zuwa fankar ɗakin tsohuwa a ƙarshen gari. Mutanen Dutsen Rana suna ji da ita kamar su suka haife ta. In mutum ya yi baƙo, kafin ya ba shi ruwa sai ya nuna masa hasumiyar Hukumar Wuta, inda aka rubuta da jan haske cewa asarar wutar birnin ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Wai duk duniya babu na biyunsu. Har wanda bai san bambancin fis da soket ba sai ka ji ya haddace wannan lamba.

A hawa na goma sha tara na hasumiyar, Injiniya Kubura Haladu tana zaune ita kaɗai a ɗakin lura, ta cire takalmi ta ɗora kumburarrun ƙafafunta a kan kwali. Maza duk sun tafi masallaci. Shekararta hamsin da shida, talatin daga ciki a Hukumar ta yi su, kuma ta kai irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Tana kallon taswirar birnin a bango, tana jira. Ba ta taɓa faɗa wa kowa cewa jira take yi duk Juma'a ba.

Ɗaya da minti talatin da ɗaya, wani ɗigo ya yi ja a Unguwar Majema. 'Yar awo ta fashe.

"Ta goma sha bakwai," in ji Kubura. Ko ƙafa ba ta sauke ba.

'Yar awo ƙaramar taransifoma ce, tsawonta bai wuce na turmi ba. Ba ta ba kowa wuta. Aikinta ta ɗebo babbar wutar tasha mai ƙarfin bolt dubu talatin da uku, ta rage ta zuwa ɗari da goma, yadda na'urori za su iya aunawa ba tare da sun ƙone ba. Ita ce idon Tattali. In ta fashe a tasha, Tattali ta makance a wurin, dole ta kashe unguwar ɗungurungum har a kawo sabuwa, kuma a garin da zafi ke kai maki arba'in da tara, wuni guda babu na'urar sanyi ba abin wasa ba ne. Sau goma sha bakwai ke nan cikin wata goma sha ɗaya. Rahoton Hukuma ya ce zafin rana ne da rashin ingancin tangaran ɗin da ke jikin 'yar awo. Kubura ce ta sa hannu a rahoton, kuma ba ta rubuta a ciki cewa ranar Juma'a kaɗai abin yake faruwa ba.

Bayan an sauko daga masallaci, shugaban Hukumar, Dakta Sagir Tanimu, ya aika a kira ta. Ta ɗauka zancen Majema ne. Ashe ba shi ba ne.

"Hajiya, bisimilla zauna. Ɓarawo aka kama mana a cikin gida," ya ce, yana murza allon teburinsa da yatsa. Mutum ne mai fara'a da tsafta, da kaɗan ya girmi ɗanta na fari, kuma bai taɓa shaƙar warin ƙonannen man taransifoma ba. "Tashar Kasuwa. Duk Juma'a ana jan wat ɗari tara daga bayan 'yar awo, minti arba'in cif. Tattali ta daɗe tana ganin giɓin, sai yau ta gano bakin zaren."

"Wa ke tashar?" Ta san amsar, numfashi kawai take nema.

"Wani Gwadabe Ilu. Dattijo ne, saura wata biyar ya ajiye aiki. Kin san shi?"

"Shi ya koya mini riƙe filaya, Yallaɓai."

"To, Allah ya kyauta. Sunansa dai ya riga ya hau allo."

Doka ce a Dutsen Rana, duk wanda Tattali ta kama da satar wuta, sunansa da hotonsa za su fito a allon ƙofar unguwarsu, a ƙarƙashin kalmomi biyu: ɓarawon wuta. Ba a ɗaure mutum, ba a taɓa lafiyarsa. Allon ya isa. Akwai waɗanda suka kwashi iyalinsu suka bar garin saboda shi.

"Gobe ki je ki ɗauke abin da ya jona, ki rufe da hatimi, ki rubuto mini rahoto," in ji Dakta Sagir. "Litinin ta sama kwamiti zai zauna."

Washegari da hantsi ta hau jirgin ƙasa mai bin kan gada ta sauka a kasuwa. Tashar tana bayan rumfunan sanyi na masu kifi, tsohon gini ne da ya girmi rabin birnin. Ta tarar da Malam Gwadabe a kan benci cikin shuɗin kayan aikinsa da suka koɗe, hula a gwiwa, kamar dai ita yake jira.

"Salamu alaikum, Baba."

"Wa alaikumus salam. A'a, Kubura ce da kanta? Yau manya ne a tasharmu. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba. Ya iyali?"

"Iyali suna gida. Tun jiya ba wanda ya leƙa waje."

Bai jira ta tambaya ba. Ya tashi yana dafa gwiwa, ya ja ta zuwa bayan akwatin 'yar awo, ya ɗage wani tsohon buhu. Babbar butar alminiyam ce irin ta masu shayi, an huda gindinta an dasa mata wayoyin zafi guda uku da aka ciro daga tsofaffin duwatsun guga. Igiyoyi uku sun fito daga jikinta, bakin kowace da 'yar ƙugiya.

"Ga kayan satar," ya ce.

Kubura ba butar ta kalla ba. Ramukan ƙusa guda huɗu ta kalla a jikin akwatin, daidai inda ƙugiyoyin ke kamawa. Ta san abin da ke wurin a da. Wani dunƙulen rezista ne kamar rabin bulo, ma'aikata suna kiransa malalaciya, don ba ta auna komai, ba ta kunna komai, tana nan dai shekara da shekaru tana shan 'yar wuta tana ɗumi. Wata goma sha ɗaya da suka wuce aka kwance malalaciya daga tashoshi ɗari biyu da goma sha biyu. Kwance ta ɗin ne ya sauko da lambar hasumiya ƙasa da ɗaya cikin dubu. Aka yi walima, aka ba Kubura lambar yabo, domin ita ta kawo shawarar.

Amma malalaciya tana da aiki, duk wanda ya yi karatun wuta ya san shi. Injiniyoyi suna ce wa cutar da take hanawa feroresonans, ma'aikatan tasha kuwa suna cewa lilon ƙarfe. A cikin 'yar awo akwai dunƙulen ƙarfe da aka naɗe da waya. Wayoyin ƙarƙashin ƙasa kuma suna riƙe wuta a jikinsu yadda randa ke riƙe ruwa. In aka kashe layuka farat ɗaya, ragowar wutar sai ta rasa wurin zuwa, ta faɗa wa ƙarfen, ƙarfen ya ƙoshi ya maido ta, wayar ta sake tura masa. Idan akwai abin da ke jan wuta a wurin, komai ƙanƙantarsa, zai shanye wannan kai-da-kawowa tun ba ta yi ƙarfi ba. In babu, lilon sai ya yi ta hawa, babbar wutar tasha tana ƙara tura shi, har ƙarfen ya ɗau zafi, man ciki ya tafasa, tangaran ya tarwatse. Abin da malalaciya ke zaune tana jira ke nan.

"Juma'ar farko bayan kun kwance ta," in ji Malam Gwadabe, "na yi alwala, na ɗauki dardumata, ina bakin ƙofa sai na ji ƙugi. Wallahi Kubura, shekara ashirin rabona da wannan ƙugin, amma ina ji na gane shi. Ba komai a hannuna sai dutsen gugar da na goge rigar Juma'a da shi. Na yanke masa kai, na sarƙafa a wayoyin nan. Ƙugin ya kwanta. Dutsen ya ƙone ƙurmus, har ya ci mini benci, ga wurin nan. Shi ya sa na koma buta. Ruwa yana shan zafi ba ya gardama."

"Me ya hana ka jona ta ka tafi masallacinka?"

"In ruwan ya ƙone fa? Buta ba ruwa, wayar ta tsinke, mun koma gidan jiya. Sau biyu nake ƙara mata kafin 'yar taku ta maido layuka."

"Juma'a nawa ke nan, Baba?"

"Arba'in da bakwai. Azahar nake yi a nan ni kaɗai, ina jin huɗuba ta lasifika." Ya juya hular a hannunsa. "Na tambayi wani malami, ban faɗa masa dalilin duka ba, ya ce wanda ya tsaya don kare rayukan mutane yana da uzuri. Na yarda. Amma shekara ashirin ni nake shimfiɗa tabarmin sahun farko a masallacin unguwarmu. Sai aka daina ganina. In an tambaya in ce aiki. In na faɗi wane aiki, na kai kaina ƙara."

"Ai da ka rubuta."

"Sau uku na rubuta a akwatin ƙorafi. Kafin in ɗaga yatsa amsa ta dawo: an rufe, shawarar tana ƙara asara. Ke ma na gaya miki ranar da kuka zo kwance ta. Na ce Kubura, raguwar nan tana da ranarta. Kika ce an gwada a kwamfuta."

Ta tuna. An gwada kuwa, sau dubbai, kuma kwamfuta ta ce lafiya lau. Sai dai alƙaluman da aka zuba mata na wasu garuruwa ne masu nisa, inda ba a taɓa ganin birni guda ya ajiye aiki gaba ɗaya cikin minti goma ba. Mutum goma sha biyu ne suka zauna a kan gwajin, dukkansu haifaffun ƙasar nan, goma daga ciki duk mako su ma suna kashe fankar ofis su tafi salla, amma ba wanda ya tuna ya gaya wa kwamfuta akwai wata rana wai ita Juma'a. Kunya ta kama Kubura, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai ajiye idonsa. Tun a fashewa ta huɗu zuciyarta ta gaya mata, ta toshe kunne.

"Ba na neman komai," in ji dattijon. "Aikin ma ku riƙe abinku. Sunana nake so a sauke, a kuma faɗa wa mutane dalili. A ƙarƙashin allon nan jikokina suke jiran motar makaranta."

Duk da haka ta ɗauki butar, don umarni aka ba ta. Ta zubar da guntun ruwan, ta naɗe igiyoyin, ta saka a jakar shaida ta danna hatimi. Yana tsaye yana kallonta.

"Juma'a fa?" ya ce.

"Zan yi wa shugaba magana, Baba."

"To, Allah ya ba da sa'a." Ya faɗe shi yadda ake faɗa wa mai jinyar da aka riga aka cire rai da shi.

Ranar Litinin ta yi wa Dakta Sagir bayani tun daga tushe. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ta ba, wannan kam a ba shi. Da ta gama ya cire tabarau ya murza idanu, sai ta ga ashe shi ma a gajiye yake.

"Hajiya, kin san abin da kike faɗa? Magani biyu kika kawo. A mai da malalaciya, lambar can ta haura. A hana Tattali kashe layuka ranar Juma'a, lambar ta haura. Wata mai zuwa baƙi daga ƙasa tara za su zo ganin yadda muka yi. Kuma da hannunki kika sa a kwance ta."

"Na sani, Yallaɓai. Laifina ne, ba nasa ba."

"Ina hujja? Tattali ba ta taɓa ganin wani lilo ba."

"Ba za ta gani ba. Da 'yar awo take gani. Da lilo ya fara, awon sai ya haukace, ita kuma an koya mata ta watsar da duk awon da bai yi kama da hankali ba."

"To kin gani. Ni ba zan shiga gaban kwamiti da labarin ƙugi da butar shayi ba. Ki bari baƙin su zo su tafi, sai mu duba."

A ranar aka dakatar da Malam Gwadabe, aka karɓe makullinsa. Ba a tura kowa madadinsa ba, don a takarda Tashar Kasuwa ba ta buƙatar mutum.

Ranar Juma'a da sha biyu Kubura ta fito daga hasumiya da kaya biyu. Ɗaya tsohuwar na'urar zana igiyar wuta ce da ta tono a sito, wadda ba ta da wata alaƙa da Tattali. Ɗayan kuwa jakar shaida ce. Ta gaya wa kanta ba za ta buɗe ba, ta ɗauko ta ne kawai don kada ta ɓata a ofis. Mutum in ya kai shekarunta ya iya yi wa kansa ƙarya a natse.

A jikin katangar tashar ta waje ta ga mata masu sayar da fura da dafaffiyar gyaɗa, su wajen goma sha biyar, sun jeru a inuwa suna jiran a sauko daga masallaci. Wata ta kwantar da jaririnta a kan zani. Tsakaninsu da 'yar awo bulo ɗaya ne. Kubura ta ce su matsa gaba, suka dube ta suka dubi ranar da ke waje, wata ta ce, "Hajiya, mu matsa ina?" Ba wadda ta motsa.

Ta shiga, ta jona na'urarta, ta zauna a bencin da ya ƙone. Ɗaya da minti ashirin ta ji manyan makunnai suna faɗuwa, ƙas, ƙas, ƙas, har sau tara. Tashar ta yi tsit, huɗuba tana shigowa ta taga sama-sama. Har ta fara addu'ar Allah ya sa ita ce ba ta da gaskiya.

Sai ƙugin ya taso. A ƙafafunta ta fara jin sa kafin kunne, wani gurnani mai kauri daga cikin ƙarfen, yana sauka yana hawa. A fuskar na'urar, igiyar wutar da ya kamata ta tafi sumul ta karye ta yi ƙahonni, tana tsalle har tana fita daga gilashin. Kubura ta danna maɓallin ɗauka. Minti ɗaya da rabi take buƙata don kada wani ya ce kuskure ne. Ta tsaya tana ƙirgawa, gumi yana bin bayanta. A daƙiƙa ta sittin ta fara jin warin mai. A ta tamanin fentin akwatin ya soma kumbura. Ta ji jaririn nan na waje ya fara kuka.

Da haƙori ta yage hatimin. Ta tara butar a famfon alwala, ruwan yana zuba a hankali kamar da gayya, ta ja ta da rabin ruwa zuwa bayan akwati. Ƙugiya ta farko ta kama, ta biyu ta kama. Ta uku ta suɓuce, don ƙarfen ya yi zafin da ba a taɓawa. Ta naɗe yatsunta da bakin mayafi ta sake kamawa.

Ƙugin ya yi ƙasa, ya ja, ya mutu. Igiyar na'ura ta koma sumul. Ba a jin komai sai liman yana addu'a daga nesa, da butar da ta fara 'yar tsuwa.

Ta zube a benci. Kafin ruwan ya tafasa wayarta ta yi ƙara, saƙo ne daga Tattali, cikin ladabi, ana sanar da ita cewa an kama ta tana jan wat ɗari tara ba bisa ƙa'ida ba, kuma sunanta ya hau allon unguwarsu. Dariya ta ƙwace mata, ta farko cikin watanni, ta yi ta yi har ta koma kuka. Sannan ta share fuska ta tashi ta ƙara wa butar ruwa.

Kwamiti ya zauna ranar Litinin, mutum bakwai. Suka kalli abin da na'urar ta ɗauka, suka kalli hoton fentin da ya kumbura, ba wanda ya yi musu. Kubura ta miƙe ta faɗi laifinta da bakinta, ta kawo maganin nan biyu, ta roƙi a sauke sunan Malam Gwadabe tare da bayani. Aka ce ta jira a waje. Awa uku ta yi a kan kujerar baranda.

Lauyan Hukuma ne ya samo mafita, kuma a yaba masa, kansa yana ja. A dokar Tattali, asara ita ce wutar da ba wanda ya amfana da ita. Bulon da ke ɗumi a bayan akwati asara ne. Amma shayi amfani ne, muddin ɗan Adam ya sha. Saboda haka ba za a mai da malalaciya ba, ba za a taɓa Tattali ba, lambar hasumiya tana nan daram. Za a sayo butoci ɗari biyu da goma sha biyu, masu ƙyalli, a sa musu suna na'urar kwantar da lilo. Wani ya tambaya ko ba za a sa su riƙa kunna kansu ba. Lauya ya ce ruwan da ya tafasa babu mai sha ya koma asara, dole a samu mutum a wurin, ya sha, ya dangwala yatsa.

Da aka zo kan wa zai zauna, mazan Hukuma suka tuna cewa sallar Juma'a wajibi ce a kansu. Sai aka rubuta sunayen mata, tun daga injiniyoyi har masu shara, inda ba su kai ba aka ɗauki sababbi. Kubura aka ba ta Tashar Kasuwa, aka kuma jaddada mata cewa ba horo ba ne. Ranar Talata sunaye biyu suka ɓace daga alluna ba tare da ko kalma ɗaya ba. Batun bayani kuwa, kwamiti ya ga babu buƙata, don in aka faɗi dalilin da ya sa dattijon ya jona buta, an faɗi abin da ya fasa 'yan awo goma sha bakwai ke nan, ga baƙi suna hanya. Kubura ta rubuta sau biyu. Na biyun ko amsa ba ta samu ba.

Juma'a ta biyar da fara wannan tsari, wajen ƙarfe biyu saura, tana zaune da kofi na uku a hannu, cikinta ya cika da ruwan zafi a ranar da ko kare ba ya fita, sai ta ji sallama. Malam Gwadabe ne cikin farar riga, darduma a kafaɗa. Ya ajiye aiki tun lokacinsa bai cika ba, ya ɗan rame. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya yana kallon sabuwar butar.

"Ta fi tawa kyau," ya ce.

"Shigo mana, Baba. Ga shayi."

"A'a, ni kam na sha rabona."

"Yau da wuri aka sauko?"

"Ban tsaya gaisawa ba ne." Ya gyara dardumar. "A sahun baya nake yi yanzu, kusa da takalma. In an yi sallama sai in fito."

"Ai an sauke sunan."

"An sauke daga allo. Kin san mutane, Kubura. Sun ga mutum ya bar Juma'a kusan shekara, sai ga hotonsa a ƙofar unguwa. Lissafin ya fita ai. Makon jiya ina alwala na ji wani yana cewa, alhamdu lillahi, ɓarawon wuta ya tuba ya dawo masallaci. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Har addu'a ya yi mini."

Abin ya soke ta har cikin rai. Ta ajiye kofin.

"Wallahi Baba zan zo da kaina. Zan tsaya a gaban liman da jama'a in faɗi komai, in ce ni na kwance ta, kai kuma ka tsare kasuwar nan Juma'a arba'in da bakwai. Su kore ni in sun ga dama."

Ya dube ta da tausayi, ba ɗigon fushi a fuskarsa.

"Yaushe za ki zo? Ranar da jama'a suke taruwa, ke kina nan kina gadin buta."

Ya yi mata sallama ya juya, ya bi gefen katanga inda masu fura suka fara miƙewa suna gyara ƙwaryarsu. A bayanta butar ta soma ƙaran da take yi in ruwa ya ja baya, saura minti shida kafin Tattali ta maido layuka. Kubura ta ɗauki bokiti ta nufi famfo.